Yadda Za Ka Kai Iyalinka Yankari Ku Dawo da Labarin Dariya

Shekara uku ke nan da muka kai Hajiya da yara Yankari, amma har yau idan aka sauke waina a gidanmu sai wani yaro ya ce, "A rufe ƙofa, Gwaggo na tafe." Baƙo kan ɗauka ƙanwar babanmu ake nufi. Gwaggon biri ce, wadda ta shigo mana ɗaki a sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, ta ɗauke kular Hajiya ɗungurungum. Na sake komawa sau biyu bayan nan, kuma abin da na fahimta shi ne ɓarnar tafiya iri biyu ce. Akwai wadda ake dawowa gida ana ba da labarinta ana tuntsira dariya, akwai kuma wadda ba a son ko tuna ta: dare a daji da mota, yaro a ruwa mai zurfi, tsohuwa ba maganinta. Ta biyun nake so ka toshe wa ƙofa tun daga gida. Ta farkon kuwa ko me ka yi sai ta same ka, kuma ita ce riba.

Fara da zaɓen lokaci

Yankari na cikin Ƙaramar Hukumar Alƙaleri a Jihar Bauchi, daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar. Daji mai wannan girman ba gidan zu ba ne da za ka tarar da dabba a keji tana jiran ka. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai, don haka dabbobi sun watsu. Da rani ne tafkuna ke ƙafewa, ƙishirwa ta tattaro su bakin Kogin Gaji, ta nan ake ganin su.

Maris da Afrilu sun fi kyan kallo, amma zafin bazara ba ya raga wa tsoho da jariri. In da irin su a ayarinka, ka zaɓi Janairu ko Fabrairu, hunturu ya fara sauƙi, zafi bai kama ba. Hutun Kirsimeti, sabuwar shekara da bikin Sallah cika ake yi. In lokacin kaɗai kake da shi, ka kama ɗaki tun da wuri, ka kira ka ji da kunnenka ɗaki nawa aka ajiye maka da nawa ne kuɗinsa. Ka kuma tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki a makon da za ka tashi. Labarin bara ba ya amfani a hanya.

Mota, kwana biyu kafin tashi

Ka kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ba jajibiri ba, don in an canza wani abu ka samu damar gwada ta a cikin gari. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fambel da fitilu. Sai ka wuce wurin mai faci ya auna iskar tayoyi biyar. Biyar na ce, har da safaya.

Ƙanena ya auna huɗu. Tsakanin Birnin Kudu da Ningi tayarsa ta baya ta yi faci, muka tsaya muka sauke but kakaf a bakin titi: buhunan fiyawata uku, tabarmi, katifar Auta, tukunyar gas, da wata jakar Hajiya da ba wanda ya san abin da ke ciki. Da aka kai ga safayar sai aka tarar ta fi wadda ta fashe laushi. Ɗan acaɓa ne ya ɗauke shi da tayoyi biyu, ɗaya a cinya ɗaya a kafaɗa, yara na ɗaga masa hannu kamar mai tafiya Makka. Awa biyu muka yi a gindin wata tsamiya. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: ka auna safaya, kuma ka loda kaya yadda jak da sifanar taya za su kasance a sama.

Takardun mota da lasisi su zauna a aljihun gaba. Ka riƙe tsabar kuɗi da za ta ishe ka kuɗin shiga, ɗaki, abinci da motar kewaya daji, domin sabis na zuwa yana ɗaukewa a daji, tiransifa na iya maƙalewa kana tsaye a bakin ƙofa da mota cike da yara.

Abin da za a ɗauka

Maganin da wani ke sha kullum, na hawan jini, na suga, na asma, ya shiga jakar hannu, ba akwati ba. Sai farasitamol na manya da na yara, garin haɗa ruwan gishiri da suga saboda gudawa, filasta, maganin sauro na shafawa, tocila biyu, da batirin cajin waya. Ruwan sha ya fi yadda kake tsammani. Buta da dadduma. Ledoji baƙaƙe masu yawa da tsumma, za ka ga amfaninsu kafin Wudil.

Abinci kuwa a nemi wanda ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, soyayyar kaza, cincin, dabino, burodi. A zuba shi a mazubi mai murfin da ke kullewa. Kada a ba yaron da mota ke juya wa ciki fura da nono ko shayi mai kauri da asuba. Busasshen burodi ya ishe shi, a zaunar da shi kusa da taga yana kallon gaba, a karɓe wayar hannunsa, a ajiye masa lemon tsami ya riƙa shinshinawa.

Hanya, da ƙirga kawuna

Ku yi sallar asuba da kayanku a mota, gari na wayewa ku karanta addu'ar tafiya ku ɗau hanya. Daga Kano za ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka shiga Bauchi, kimanin kilomita 300. Mai zuwa daga Abuja zai biyo ta Jos da Toro. Daga garin Bauchi sai ka kama titin Gombe har Dindima, ka karya dama zuwa ƙofar Mainamaji. Mutane da yawa na ganin sun iso in sun ga ƙofa, alhali daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji, kuma tafiya ce ta a hankali saboda dabbobi na tsallaka titi. Daga Bauchi zuwa Wikki gaba ɗaya ya haura kilomita 100. Ka cika tanki a Bauchi. In la'asar ta riske ka a cikin gari, ka kwana, da safe ka ƙarasa. Ba asara ka yi ba: ku ci masar Bauchi da zafinta, ku kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa su ga inda Firayim Ministan Nijeriya na farko yake kwance tun 1966. Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa azahar da la'asar, wannan ma zai rage muku yawan tsayawa.

Duk inda aka tsaya, kafin a tayar da mota a ƙirga yara da sunayensu, kowa ya amsa da bakinsa. Wannan ya fi muhimmanci in motoci biyu ne. A Ningi muka tsaya shan mai da kama ruwa, muka tashi. Mun yi tafiyar minti goma uwargida ta kira matar ƙanena ta ce a miƙa wa Auta waya ta ji ko ya sha maganin murarsa. Aka ce ai yana motarku. Ban taɓa jin shiru irin na wannan daƙiƙar ba. Muka juya, Hajiya na salati ba tsayawa. Muka same shi zaune a bencin mai shayi, ƙafafunsa na lilo ba su kai ƙasa ba, an haɗa masa shayi da wainar ƙwai, yana ba mutumin labarin cewa babansa zai kai shi ya hau giwa. Mai shayin, Allah ya saka masa da alheri, ya ce, "Alhaji, na san za ku dawo, shi ya sa na zaunar da shi inda za ku hango shi daga titi." Ya ƙi karɓar ko kwabo. Auta kuwa da ya gan mu cewa ya yi, "Abba, ku jira in gama."

Yanzu muna dariya, amma ranar gwiwoyina rawa suke. Tun daga nan kowane yaro yana da babba guda da ke da alhakinsa, ba a canza mota a hanya, kuma kowane yaro akwai takarda a aljihunsa da lambar wayata da ta mahaifiyarsa.

Gwaggon biri

Nan ne ya kamata ka tara iyalinka ka yi musu bayani tun kafin a buɗe ƙofar mota. Birran sansanin Wikki sun saba da mutane, ba sa tsoro, kuma sun san leda, sun san kula, sun san but ɗin mota. Sun san bambancin namiji babba da mace ko yaro, kuma na biyun suke tara.

Mu ga yadda ta kasance. Mun sauke kaya, ni da ƙanena mun tafi ofis karɓar makullin ɗaki na biyu. Hajiya ta shimfiɗa dadduma, ta buɗe kular wainar da ta soya da kanta tun ƙarfe huɗu na dare, ta ce a bar ƙofa a buɗe iska ta shigo. Babbar 'yata ce ta fara ganin inuwa a bakin ƙofa. Wata ƙatuwar birinya ce da ɗa maƙale a cikinta, ta shigo a natse kamar mai sallama, ta dubi kowa, ta sa hannu ta mayar da murfin kular, ta rungume ta fice. Mayar da murfin nan shi ne abin da Hajiya ba ta daina mamaki ba. Ta bi ta har baranda da carbi a hannu tana cewa, "Ke baiwar Allah, ci wainar ki bar mini kular, daga Madina na zo da ita!" Birinyar ta hau rufin ɗakin da ke kallon namu, ta zauna, tana ɗaukar waina ɗai-ɗai tana ci tana kallon mu. Da ta gama ta saki kular ta gangaro. Ta lotsa ta gefe guda, tana nan a kicin har gobe, kuma Hajiya ta hana a jefar.

To ga ƙa'idojin. Ƙofa da taga a rufe, a murɗa makulli ko kuna ciki, domin suna iya murɗa hannun ƙofa. Gilashin mota a ɗage, but kada a bar shi a buɗe ko na minti ɗaya. In ana sauke kaya, babba ɗaya ya tsaya a wurin. Kada kowa ya yi yawo da abinci ko leda a hannu, ko da takalmi ne a cikin ledar, biri ba ya tambaya. A ci abinci a ɗaki ko a gidan cin abinci na sansanin. Kada a miƙa musu komai don a ɗauki hoto, wannan ne ya lalata su tun farko.

Mafi muhimmanci, ka gaya wa yara da babbar murya: in biri ya kama abin da ke hannunka, sake masa. Kada a ja da shi, kada a jefe shi, kada a yi masa gwalo ko a zura masa ido. Babban namiji yana da fiƙoƙi masu tsawo, cizonsa na asibiti ne, da allurar rigakafi. Biskit bai kai wannan ba. In aka samu cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai na tsawon minti goma sha biyar, a sanar da ma'aikata, a nemi asibiti a ranar.

Za ku kuma ga mugun dawa suna kiwo a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba. Ba ruwansu da kowa in ba a matsa musu ba, musamman mai 'ya'ya. Auta na hango na farko ya ƙwala ihu, "Abba ga zaki!" ya shige bayan zanin kakarsa. Ita kuwa ta ce, "Haba maigida, kai da za ka kare ni?"

Ruwan Wikki

Ana sauka da matakala zuwa wurin. Ruwan na ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Da sanyin safiyar hunturu, shiga cikinsa kamar an sirka maka ruwan wanka ne. Ko dabba ɗaya ba ku gani ba, wannan ruwan ya biya kuɗin mai.

Tsabtarsa ce ke ruɗin ido. Wajen dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, amma daga sama sai ka ga kamar iya ƙugu ne. Yara su tsaya can ƙasa inda ruwan bai da zurfi, kuma babba ɗaya ya zauna aikinsa kallon su kawai, ba waya, ba hira. In ya gaji ya miƙa wa wani da baki, "Na ba ka su," wancan ya amsa. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru ake yi. Matakalar na da santsi in ta jiƙe, a riƙe hannun tsofaffi.

Mata da ke son shiga ba cikin cunkoso ba su sauka da sassafe, kafin 'yan makaranta da samari su cika wurin. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki ta fi zani, don zani na kwancewa a ruwa, hijabi mai faɗi kuma na naɗe hannu. Hajiya ta zauna a bakin ruwa ta tsoma ƙafafunta, ta ce gwiwarta ta daina ciwo. A bar sabulu a ɗaki, wurin na kowa ne.

Kafin kowa ya shiga, a lalube aljihu. Ƙanena ya faɗa da wayarsa da kuɗin komawa gida a aljihun wando, muka kwana muna shanya 'yan dubu-dubu a kan gado, an danne kowace da dabino saboda fanka. Kaya kuma kada a bar su a bakin ruwa ba mai gadi, birran na saukowa har can. Makullin mota musamman ya zauna a jikin wanda bai shiga ruwa ba. Na ga wani magidanci tsaye da gajeren wando a gindin bishiya yana lallashin biri ya sako masa jallabiya.

Kewaya daji

Ana fita ne da safe da kuma yamma, tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin. Ka yi rajista tun daren jiya, ka zaɓi fitar safe in da yara, kowa ya kama ruwa kafin a hau, don ba a sauka a inda aka ga dama. Akwai ƙudan tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙin kaya da shuɗi ne ke jawo shi. A sa kaya masu ruwan ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu, da safa.

Ka shirya zukatan yara tun a gida. Yankari na da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya, amma ganin su sa'a ce. Zaki kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kada ka yi wa kowa alkawarinsa. Abin da aka fi gani shi ne gwambaza, mazo, gwanki, kanki, ɓauna, kada a bakin ruwa, wani lokaci dorina, da tsuntsaye iri sama da 350. Ka ba kowane yaro takarda da fensir ya riƙa rubuta abin da ya gani, a yi gasa. Wannan na sa su yi shiru, shirun kuma shi ke sa dabba ta tsaya.

Mu a fitar farko kashin giwa kawai muka gani, sabo yana tururi, yara suka ɗauke shi hoto ta kowane gefe. Da muka ci karo da garken ɓauna, Hajiya ta dube su da kyau ta ce wa ɗan rakiyar, "Ɗana, shanun wane ne aka sako haka ba makiyayi?" Mutumin ya danne dariyarsa ya ce, "Hajiya, waɗannan ba su da ubangida sai Allah." Sai a fitar yamma ta kwana na biyu muka same su, giwaye bakwai da ɗan ƙarami suna tsallaka hanya zuwa kogi. Direba ya kashe mota. Ba abin da kake ji sai karyewar rassa. Auta, wanda bakinsa bai huta ba tun daga Kano, ya riƙe yatsana ya matse, bai ce uffan ba har suka shige. Saboda wannan nake cewa ka yi kwana biyu, kwana ɗaya ba ya isa.

Tsakar rana, lokacin da zafi ya hana komai, ku shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin ku ga hauren giwa, fatu, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. In da sauran ƙarfi, ku nemi a kai ku Kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse.

Komawa

Ku tashi da safe, kamar yadda kuka zo. A duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki, a nan caja da takalmin yaro ke kwana. A kwashe shara a kai inda aka tanada, a rufe, don ledar da ka yar biri ne zai ci ta. Ka sallami ɗan rakiya da masu share ɗaki da abin da ya sawwaƙa. A bakin ƙofa a sake ƙirga kawuna.

In an dawo gida ana ba da labari, ka lura da yaron da abin ya faru a kansa. In yana dariya tare da ku, a ci gaba. In ka ga ya sunkuyar da kai, a bar maganar sai ya girma ya ba da ita da bakinsa. Auta ya yi wata shida ba ya son a ambaci Ningi. Yanzu shi ke fara ba baƙi labarin, har ya ƙara cewa ƙwai uku aka soya masa.

Makon jiya Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta ta fito da kular nan mai lotsattsen gefe, ta sa an kai wa maƙeri ya yi mata marataya biyu, ta saya mata ɗan kwaɗo. Ta ce, "In an yi hutun yara ka duba mana motar. Wannan karon ina so in ga yadda za ta yi da shi."